Hoton Gwajin Haske

"Ka cire shi daga gilashin nan, Kawu."

"Ai na cire, a gabanki ma. Me ya biyo baya? Mutane suka cika mana ƙofa suna tambayar ina yake. Har wata ta ce ɓoye shaida muke yi. Dole na mayar."

"Su yi ta tambaya. Bakinsu ne."

"Bakinsu ne, shagon kuma nawa ne." Kawu ya hura idon kyamararsa, ya goge da gefen riga, bai ɗago ya kalle ta ba. "Hoto hoto ne, 'yar nan. Takarda ce. Ba ita ta riƙe wuƙa ba."

Magogi ta juya ga kwamfutarta, don in ta buɗe baki, abin da zai fito ba irin wanda ake faɗa wa ƙanin uwa ba ne.

Hoton da suke jayayya a kansa yana rataye a gilashin gaban studiyon, tsakanin hotunan jarirai da na ɗalibai masu hular kammala karatu. Saurayi ne zaune a kujera mai jan ƙyalle, ya tallafe haɓa da hannu ɗaya, fuska sumul, ido yana ƙyalli kamar ganyen da ruwan sama ya wanke. A layin ana kiransa Ɗan Gayu. Wayoyi yake sayarwa a shagon da ke kallon nasu. Shi ne ya tare Fitila a tashar bas da rana tsaka, ya soka masa wuƙa a gaban jama'a, sannan ya zauna a benci, ya gyara wuyan rigarsa, ya jira 'yan sanda.

Fitila shi ne mai kula da haske a studiyon Kawu, shi ne kuma wanda Magogi za ta aura. Shi ya laƙaba mata sunan, saboda aikinta ke nan a gaban kwamfuta: goge ƙuraje, goge tabo, share gajiyar da ke ƙarƙashin idon mutane kafin a wanke musu hoto. Fuskar nan da ke gilashi, da hannunta ta gyara ta. Ɗan Gayu yana da tabon ƙuna tun na yarinta, daga gefen leɓe har kusa da kunne, kuma shi da kansa ya tsaya a kanta yana cewa, "Ƙara kaɗan, Anti, kada ki bar ko alama."

Wani ɗan jarida ya ɗauki hoton ta cikin gilashi ranar da abin ya faru. Kafin gari ya waye ya shiga kowace waya, da tambarin studiyon a ƙasansa. Tun daga nan kujerar ba ta huce ba.

Wani saurayi ya leƙo, abokinsa yana bayansa suna ƙunshe dariya.

"Maigida, nan ne aka ɗauki mutumin? Irin nasa nake so sak. Kujerar, labulen, har hannun nan a haɓa."

"Wuƙar fa?" in ji Magogi daga bayan kwamfuta. "Ka zo da taka, ko in aika a saya maka?"

"Haba, Anti, wasa ne fa."

"Na sani. Kowa wasa yake yi. Fitila kaɗai ne ya mutu da gaske."

Kawu ya yi sauri ya dafa kafaɗar saurayin, ya raka shi ƙofa yana cewa ya dawo da yamma, yau suna jiran baƙi daga gidan talabijin. Da ya dawo ya nuna ta da yatsa.

"Ki kama bakinki in sun zo. Ni ma ɗana ne yaron nan, ni na koya masa riƙe fitila. Kada ki mayar da ni azzalumi a cikin shagona."

Magogi ta kau da kai. Idonta yana kan lemar haske da ke tsaye a lungu, ta karkace gefe ɗaya tun ranar kisan, babu wanda ya miƙe ta.

Akwai wata ƙa'ida a studiyon, Kawu ne ya kafa ta tun kafin Magogi ta fara aiki. Kafin mai hoto ya zauna, Fitila ne zai fara zama a kujerar, Kawu ya ɗauka sau ɗaya, su duba ko haske ya daidaita, sannan a goge nan take don kada ya cika katin kyamara. A duba, a goge. Fitila yakan bugi ƙirji ya ce duk garin babu wanda kyamara ta sani kamar shi, kuma babu wanda ta manta kamar shi. In Magogi ta ɗaga wayarta za ta ɗauke shi, sai ya rufe idon wayar da hannu, ya ce, "Wuni nake a gaban kyamara, Magogi, ki bar bawan Allah ya huta. Ranar aurenmu kya ɗauka har ki gaji." Wayarta cike take da tafin hannunsa. Ta san kowane layi a cikinsa, ta san ɗan yankan da ke gindin babban yatsa. Fuskarsa ce babu.

Tasa wayar kuwa, a cikin taron da ya kewaye shi a tasha wani ya sunkuya ya ɗauke ta, yayin da sauran suke ɗaukar bidiyo. Abin da duniya ta sani na Fitila shi ne abin da ke cikin bidiyon: zane a kan mutum, da takalma biyu sun leƙo ta ƙasa.

Shi kuwa ɗayan, duniya ba ta gaji da shi ba. Duk lokacin da aka fito da shi sai ya rufe fuska da riga, don haka hoton nan ne kaɗai fuskarsa. Gidajen rediyo suka buɗe layi. Wani masani ya ce daga yanayin idonsa ana ganin kaɗaici. Wata ta kira tana shessheƙa, ta ce irin wannan fuskar ba ta kisa haka kawai, sai dai in an kai ta bango. 'Yan mata suka sa hoton a wayoyinsu da 'yar zuciya a gefe. Wasu suka rubuta cewa a binciki budurwar, ai ba a rasa mace a gindin irin wannan. Magogi ta karanta duka. Ba ta iya ajiye wayar, kamar mai danna miki don ta ji ko har yanzu yana zafi.

Abin da ya faru kuwa bai kai girman duk wannan ba, kuma shi ya fi ci mata rai. Wata rana 'yan mata sun tsaya a gilashi suna yaba hoton, Ɗan Gayu yana ƙofar shagonsa yana jin daɗi, sai Fitila ya fito da tsani a kafaɗa ya ce, "Ku tambaye ni, ni na san shi kafin a yi masa fenti." Aka yi dariya. Ɗan Gayu ma ya yi, har da tafawa. Bayan nan kullum da safe sai ya ɗago hannu ya gaishe shi. Ya gyara masa waya, ya ƙi karɓar komai. Makonni suka wuce yana gaisuwa yana murmushi, yana ɗauke da abin a cikinsa kamar mai renon jariri. An ce da 'yan sanda suka tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Dariyar ba ta tsaya ba." Magogi takan tuna gaisuwar nan ta safe, sai ta ji tsigar jikinta ta tashi fiye da in ta tuna wuƙar.

Sai kuma Mama, mahaifiyar Fitila. Ta zo studiyon da kanta, ta tsaya a gaban gilashi tana kallon wanda ya kashe mata ɗa, ta daɗe, sannan ta shigo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ku da hoto ne sana'arku," ta ce, "ba ku da fuskar ɗana? Na katin makarantarsa hatimi ya cinye rabi. Ina rufe ido in nemo shi, sai wannan na gilashin ya zo min."

Magogi ta durƙusa a gabanta ta ce za ta nemo. Ta bi kowace ma'ajiya a kwamfutar, ta bi hotunan bukukuwan da suka je aiki, ko zai faɗo a gefe. Ta samu kafaɗarsa. Ta samu ƙeyarsa. Ta samu inuwarsa a bango tana riƙe da lema.

Ba a daɗe da tafiyar samarin nan ba, motar gidan talabijin ta tsaya a ƙofa, yaran layi da masu shaguna suka taru. Mai gabatar da shirin ta shigo, turarenta ya riga ta, wani ƙato yana biye da ita da kyamara a kafaɗa. Mace ce mai laushin murya, irin muryar da ake yi wa marar lafiya magana da ita. Kawu ya rusuna har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Ranki ya daɗe, sannu da zuwa. Ga kujerar nan, ga labulen, ba mu taɓa komai ba."

"Madalla. Haka muke so." Ta shafa jan ƙyallen da yatsu, sannan ta juyo. "Wannan ce matar?"

"Ba a kai ga ɗaurawa ba," in ji Kawu.

"Wayyo. To, ya fi ma." Ta kama hannun Magogi da hannu biyu. "Sannu, ƙanwata. In mun fara kada ki danne komai, kin ji? In hawaye ya zo ki bar shi. Yanzu ki faɗa min, da yake zuwa nan, yaya yake kallonki?"

"Wa?"

"Shi mana."

"Su biyu ne, Anti. Wanne kike tambaya?"

Matar ta yi murmushi ta saki hannun. Ta koma kan Kawu, ta ce abin da ya kawo su shi ne sauran hotunan ranar da aka ɗauki Ɗan Gayu. Wannan ɗin kowa ya gani, masu kallo suna son sabo. Kawu ya sosa ƙeya, ya ce shi yakan zaɓi mai kyau ya ba yarinyar nan ta gyara, sauran suna zama a kati har a share. Sai ya tsaya. Ya ce ai katin ranar ya fara gardama, ya jefa shi a aljihun tebur bai ƙara bi ta kansa ba. Ya shiga ciki, aka ji ƙarar kaya, ya fito da shi a tafin hannu, ɗan ƙarami kamar farce.

"Buɗe mana, 'yar nan."

Magogi ta sa katin. Kwamfutar ta yi jinkiri, ta ƙi, ta sake gwadawa. Sai hoton farko ya cika allon.

Fitila ne.

Yana zaune a kujerar nan mai jan ƙyalle, rigarsa ta aiki a jikinsa, igiyar fitila nannaɗe a wuyan hannu. Rabin lema ya shigo ta sama. Haske ya yi yawa a goshinsa. Bai kalli kyamara ba, ya juya gefen dama, baki buɗe, ido ɗaya ya kusa rufewa, yana dariya da dukan fuskarsa. Gefen dama nan ne teburinta. Ta tuna. Ɗan Gayu ne ya yi ta azalzalar su ranar, shi ya sa Kawu bai tsaya gogewa ba. Ita kuwa ta ɗago daga kwamfuta ta ce wa Fitila ya zauna da kyau, ya yi kama da buhun da aka jingine. Dariyar tata ce. Ita ya yi wa.

Ba ta san ta miƙa hannu ba sai da ta ji sanyin allon a yatsunta. Ga haƙorinsa na gaba mai ɗan karaya. Ga kunnuwan da take tsokanarsa da su. Ga shi nan, duk da ransa, yana gab da mayar mata da magana.

"Innalillahi," in ji Kawu a hankali. Ya cire hula ya zauna a benci.

"Tsaya," in ji mai shirin. Muryar marar lafiyar ta tafi. "Wannan shi ne mamacin? A kujera ɗaya? Rana ɗaya?" Ta matso har turarenta ya rufe Magogi. "Wuce na gaba."

Na gaba Ɗan Gayu ne, hannu a haɓa, tabon yana nan ɓaro-ɓaro daga leɓe zuwa kunne.

Matar ta dafe ƙirji, ta juya ga mai kyamarar. "Ka gani? Ka ga abin da nake faɗa maka a mota? Shiri biyu ne wannan. Yaron da duniya ta yi wa tabo. Sai mu raba allo, shi a hagu da tabonsa, wannan a dama yana dariya." Ta zana rubutu a iska da yatsa. "Dariyar da ta jawo kisa."

"Ba shi yake wa dariya ba," in ji Magogi.

"Na sani, ƙanwata, na sani. Amma ai ya yi masa, ko ba haka ba? Kowa ya ji maganar fentin. Mu ba ƙarya za mu yi ba. Nunawa kawai za mu yi, mutane su yanke."

"Sun gama yankewa tun kafin ku zo."

"To ga damarki. Ba ke ce aka ce kina kukan ba a san fuskarsa ba? Gobe war haka babu gidan da bai gan shi ba. Mutane suna son su fahimci yadda zuciyar mutum take kaiwa ga kisa. Wannan ilimi ne, ba gulma ba."

"Zuciyar wanda aka kashe fa? Ko ita ba ta da ilimi?"

"Kin ga," matar ta ɗan taɓe baki, "shi ai ya tafi. Ba abin da za a tambaye shi."

Kawu ya miƙe, idonsa ja. "'Yar nan, ki saurara. Maganarta da gaskiya a ciki. Kullum kina min faɗa takalmansa kawai aka sani. To ga fuskarsa. Sai in cire wancan daga gilashi in sa wannan, wallahi yau ɗin nan, in yi masa firam mafi girma. Me kuma kike so?"

Ta so. Allah ya sani ta so. Ta hango shi a kowane allo, a kowace waya, ta hango masu 'yar zuciyar nan suna ganin mutumin da aka rufe da zane yana da haƙora da kunnuwa da dariya. Sai ta hango Mama zaune a gaban talabijin, ɗanta ya dawo mata a karon farko, da jan rubutu a ƙarƙashin haɓarsa, ana tsayar da bakinsa a buɗe, ana ƙara girmansa, masani yana nuna shi da alƙalami yana bayanin yadda izgili yake kama. Ta hango samarin nan suna leƙowa gobe: Maigida, yanzu irin na mai dariyar nake so.

Ta ga jan ɗigon kyamarar ƙaton ya kama. Ya ɗaga ta yana neman allon ta saman kafaɗarta.

Magogi ta miƙe ta rufe idon kyamarar da tafin hannunta.

"Ke! Kin san kuɗin abin nan?" in ji ƙaton.

"Ka matsa ko in nuna maka ban sani ba."

Da ɗaya hannun ta juyar da allon ya kalli bango, ta laluba ta danna. Injin wanke hoto da ke ƙarƙashin tebur ya yi tari, ya fara jan takarda. Ba ta rage hasken goshin ba. Ba ta cire lemar ba. Tun da ta fara aikin nan, wannan ce fuskar farko da ta wuce ta hannunta ba ta taɓa komai a cikinta ba.

"Maigida, ka yi wa 'yarka magana," in ji mai shirin. "Kyamararka ce, katinka ne. Ita ma'aikaciya ce kawai. Ba ma matarsa ba ce."

"Ɗiyata," in ji Kawu, muryarsa tsakanin roƙo da tsawa, "ba ni katin nan."

A waje mutane sun manna fuska a gilashi, a kewaye da hoton Ɗan Gayu, wasu sun ɗaga wayoyi. Takardar ta fito da ɗuminta. Magogi ta ɗauka ba ta kalla ba, ta kifa ta a ƙirjinta, ta zare katin ta damƙe shi. Ta san in ta yi abin da za ta yi, ita kanta ba za ta rage da komai ba sai tafin hannun da ke wayarta, kuma in tana son ganinsa sai ta je ɗakin Mama ta yi sallama. Hawayen da matar ta yi oda ya zo, amma ƙaton ya riga ya sauke kyamara, tana kallon ƙasa.

Ta dubi Kawu, ta ɗaga murya yadda na bakin gilashi ma za su ji.

"Hoton gwaji ne, Kawu. Kai ka kafa ƙa'idar: a duba, a goge. Na duba. Wannan guda ɗayan na Mama ne, yanzu zan kai mata, katin kuma a hanya zan karya shi. Ku riƙe naku na gilashi, ku nemi wata ta riƙa goge muku fuska. Ni na gama."